Idan Oga Ya Sa Maka Ƙahon Zuƙa: Matakan Kare Kai Daga Cin Zalin Shugaba a Wurin Aiki

A wani ofis da na taɓa aiki, akwai wata baiwar Allah da ke haɗa rahoton kuɗi na ƙarshen wata. Duk Litinin da safe mukan zauna taro da manaja. Wata rana ya ɗauki rahotonta, ya leƙa shafin farko, bai ko juya na biyu ba, ya wurgo mata shi ta kan tebur har takardun suka watse a ƙasa. Ya ce, "Wannan shirmen ko ɗan firamare ba zai kawo mini ba. Wa ma ya ɗauke ki aiki?" Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin. Kowa ya sunkuyar da kai yana duban littafinsa kamar ana jarrabawa. Ta durƙusa ta tsince takardunta, ta ce, "Zan gyara, ranka ya daɗe." Da aka tashi muka riƙa binta muna cewa, "Ki yi haƙuri, halinsa ne." Har da ni a masu faɗa, kuma har yau abin yana ba ni kunya. Bayan sati biyu rahoton nan ya hau sama ba a sauya ko waƙafi ba, sai dai sunan manaja ne a jikinsa, shi aka yaba wa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da na fahimta tun daga lokacin shi ne, cin zalin shugaba a kan ƙafa biyu yake tsaye: baki da kaɗaici. Da baki ake ba ka umarni, gobe a ce ba a faɗa ba. Da baki ake zaginka, da baki ake yi maka barazana, ko dai a bayan rufaffiyar ƙofa, ko a gaban mutanen da tsoro ya ɗaure wa harshe. Matakan da ke tafe duk aikinsu guda ne, wato su mayar da maganar baki rubutu, su samo maka shaida a inda aka so ka zama kai kaɗai. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma da ke ma nake.

Mataki na ɗaya: ka tabbatar da sunan abin da ke damunka

Ba kowane shugaba mai zafi ne azzalumi ba. Akwai wanda zai dawo maka da aiki sau uku, ya ƙi sa hannu sai ka gyara, ya tuhume ka idan ka makara. Ba daɗi, amma aikinsa yake yi. Dokar Ostareliya, wadda tun Janairun 2014 ta ba ma'aikaci damar neman hukumar ƙwadago ta tsawatar wa mai cin zalinsa, ta fito fili ta ware wannan: matakin shugabanci mai ma'ana, da aka ɗauka ta hanya mai ma'ana, ba cin zali ba ne. Idan ka kai ƙarar gyaran aiki da sunan zalunci, ka zubar da harsashinka a banza, ranar da za ka zo da gaskiya ba mai saurarenka.

To ina iyakar take? Gyara yana nufin aikin ne, cin zali yana nufin mutumin. Mai gyara zai ce lissafin shafi na uku bai daidaita ba. Mai cin zali zai ce kai daƙiƙi ne. Mai gyara yana so gobe ka fi yau, shi kuwa ɗayan ko ka gyara sai ya nemo wani laifin, don ba gyaran yake so ba.

Heinz Leymann, masanin halayyar ɗan'adam haifaffen Jamus da ya yi aikinsa a Suwidin, yana cikin waɗanda suka fara bin diddigin wannan matsala da gaske a shekarun 1980. Ya lissafa ɗabi'u 45 da ake muzguna wa ma'aikaci da su, ya kuma ce ana kiran abin tsangwama idan yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata shida. Ma'aunin yana da amfani don yana nuna cewa maimaici ne ke kashe mutum, amma kada ka ɗauka sai ka cika wata shida kana shan wuya sannan za ka motsa. Yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce ko sau ɗaya abu ya faru, muddin ya cutar da jiki, ko tunani, ko mutunci ta fuskar lalata, ko tattalin arzikin mutum, ya shiga cikin cin zarafi.

Rabon da ya fi burge ni shi ne na ma'aikatar lafiya da ƙwadago ta Japan, ƙasar da dokarta kan wannan batu ta hau kan manyan kamfanoni a Yunin 2020, ƙanana kuma a Afrilun 2022. Sun kasa abin gida shida: duka ko jifa, zagi da barazana, ware mutum daga abokan aiki, jibga masa aikin da ya fi ƙarfinsa, rage shi zuwa aikin da bai kai matsayinsa ba ko hana shi aiki gaba ɗaya, da tsoma baki a rayuwarsa ta gida. Ka lura da na biyar ɗin, don shi ne mutane ba su cika ganewa ba. A ajiye ƙwararre a kusurwa wata da watanni ba a ba shi ko takarda ɗaya, a daina kiransa taro, a cire shi daga zauren saƙonnin ofis. Ba a zage shi ba, ba a taɓa shi ba, amma kullum yana komawa gida kamar an yi masa duka. Idan ya yi ƙorafi a ce, "Kai da ake biyanka kana hutawa?"

Idan abin ya kai ga duka, ko neman lalata, ko barazana ga rai, ka tsallake duk matakan tsakiya. Wannan ya wuce rikicin ofis, laifi ne da ya shafi 'yan sanda, kuma tsaron kanka ne farko.

Mataki na biyu: buɗe littafi

Nan zan daɗe, don a nan ake cin yaƙin ko a faɗi.

Ka sami ƙaramin littafi naka na kanka, ko fayil a wayarka, ba a kwamfutar ofis ba. Duk ranar da abu ya faru, ka rubuta shi a ranar, kafin ka kwanta. Kwakwalwar mutumin da ke cikin damuwa tana cakuɗa ranaku, bayan wata uku ba za ka iya tuna ko Talata ce ko Laraba ba, kuma da wannan ɗan kuskuren za a ƙaryata duk maganarka. Abin da za ka rubuta: kwanan wata, lokaci, wuri, ainihin kalmomin da aka furta, waɗanda suke wurin, abin da kai ka ce, da abin da ya biyo baya. Ga misali:

"Talata 14 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe, ɗakin taro, a gaban mutum shida. Na fara bayanin jinkirin kaya, ya katse ni ya ce, 'Rufe mana baki, ba a tambayi jakai ba.' Na yi shiru. Bayan taro ya karɓe aikin daga hannuna ya ba wani, bai faɗi dalili ba."

Ka ga babu "mugu" a ciki, babu "azzalumi", babu "Allah ya isa". Waɗannan ka faɗe su a zuciyarka ko a gaban amininka. Littafin shaida busasshe ake so, don wanda zai karanta shi wata rana, ko jami'in ma'aikata ne, ko lauya, ko alƙali, yana so ne ya kai ga hukuncin da kansa. Idan ka rubuta fushinka, zai ga mai fushi. Idan ka rubuta abin da ya faru, shi ne zai yi fushin a madadinka. Kuma ka rubuta har da inda kai ka yi kuskure. Idan ranar ka makara da minti ashirin, sa shi. Littafin da mai shi bai taɓa laifi ba ko sau ɗaya, ba mai yarda da shi.

Sai saƙonni. Imel, tes, saƙon WhatsApp na tsakar dare, saƙon murya, takardar tuhuma, duk ka adana, ka ɗauki hotonsu yadda kwanan wata da sunan mai aikowa za su fito, tun kafin ya goge daga nasa gefen. Ka haɗa da takardun yabo da sakamakon tantance aikinka na shekarun baya. Ranar da za a ce dama can ba ka iya aiki ba, su ne za su amsa. Amma a nan akwai rami: kada ka kwashi sirrin ma'aikata, ko bayanan abokan ciniki, ka tura wa kanka da sunan tara hujja. Mutane da yawa masu gaskiya sun rasa aikinsu ta wannan ƙofa, aka bar maganar zaluncin aka koma maganar satar bayanai. Ka tsaya kan abin da aka aiko maka kai, game da kai.

Dabara mafi amfani da na sani ita ce bin umarnin baki da rubutu. Oga ya tare ka a baranda ya ce ka ajiye wancan aikin ka yi wannan. Ka ce to. Kana zama sai ka aika masa: "Ranka ya daɗe, don kada in yi kuskure, na fahimci ka ce in dakatar da aikin kaza, in kammala kaza kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis. Idan ba haka ba ne a taimaka a gyara mini." Babu rashin kunya a ciki, ladabi ne zalla. Idan ya amsa, ka sami shaida. Idan ya yi shiru, shirun ma shaida ne. Sau da yawa wannan kaɗai yakan sa mai sauya magana ya fara taka-tsantsan, don ya gane kifi na ganinsa.

Naɗar murya a ɓoye fa? Kowa ita yake fara tunani. Ka yi hattara. A Jamus naɗar maganar mutum ta sirri ba da izininsa ba laifi ne da doka ke hukuntawa. A jihar Kalifoniya ta Amurka sai duk masu maganar sun yarda. A wasu wuraren kuma yardar mutum ɗaya ta isa, ko da kai ne. Ko inda doka ta halatta, dokar ma'aikatarku tana iya haramtawa. Ka tambayi lauya kafin ka danna.

Mataki na uku: toshe naka ɓarakar

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga ranar da ka gane an ɗora maka karan tsana, ka zo da wuri, ka sa hannu a rajista, ka nemi izini a rubuce, ka kiyaye kuɗi da kayan ofis kamar ƙwai. Kada ka rama zagi, ko da shi ya fara, don zaginsa goma za a manta, naka ɗaya za a sa a fayil. Na san ba adalci ba ne a ce wanda ake zalunta shi ne zai ƙara kiyayewa. Haka filin yake.

Mataki na huɗu: faɗa masa, sau ɗaya, idan babu haɗari

Akwai shugabannin da ba wanda ya taɓa ce musu kul. Sun taso a hannun masu tsawa, sun ɗauka haka ake shugabanci. Irin waɗannan wani lokaci magana ɗaya mai nauyi takan dawo da su. Kada ka yi ta lokacin da yake cikin fushi, kada kuma ka yi a gaban jama'a, don wanda aka ƙure a gaban yaransa ba zai ja da baya ba. Ka nemi minti biyar, ka ambaci abu guda takamaimai: "Yallaɓai, a taron jiya ka kira ni jaki a gaban mutane. Idan akwai gyara a aikina a shirye nake in gyara, amma ina roƙon a yi mini shi ba tare da zagi ba." Shi ke nan. Kada ka ɗauko tarihin shekara biyu, kada ka shiga ba da haƙuri kan laifin da ba ka yi ba, kada ka cika shirun da zai biyo baya da surutu. Bayan ka fito ka rubuta a littafinka, rana da lokaci da amsarsa.

Amfanin wannan mataki biyu ne. Ko dai ya daina, ko kuma gobe idan aka tambaye ka, "Ka taɓa nuna masa ba ka so?" kana da amsa. Idan kuwa mutum ne mai bita da ƙulli, ko abin ya shafi lalata, ko kana tsoron kaɗaita da shi, bar wannan matakin, babu dokar da ta wajabta maka shi.

Mataki na biyar: leƙa gefe da gefe

Da wuya a ce kai ne na farko. Wa ya riƙe kujerarka kafin kai, kuma me ya tashe shi? Mutum nawa suka nemi canjin sashe a shekara biyun nan? Ƙorafin mutum ɗaya ana kiransa rashin jituwa, na mutum huɗu kuwa dole a kira shi matsala.

A Disambar 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tare da gidauniyar Lloyd's Register da kamfanin Gallup, ta fitar da sakamakon tambayar ma'aikata kusan 75,000 a ƙasashe 121. Fiye da mutum ɗaya cikin biyar, wato kimanin miliyan 743 a duniya, sun taɓa fuskantar cin zarafi a wurin aiki, kuma na zagi da tozarci da tsoratarwa shi ya fi yawa, kashi 17.9 cikin ɗari. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kusan rabinsu ba su taɓa gaya wa kowa ba, kuma manyan dalilansu biyu ne: suna ganin ɓata lokaci ne, suna kuma tsoron zubewar sunansu. Ke nan mai yiwuwa wanda ke zaune kusa da kai yana da nasa labarin, yana jiran wani ya fara.

Sai dai ka zaɓi wanda za ka buɗe wa ciki. Kowane azzalumin shugaba yana da 'yan kanzaginsa, masu dariya kafin ya gama barkwanci, masu kai masa rahoton wanda ya yi tsaki. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ban yarda da karin maganar gaba ɗaya ba, amma na yarda bafaden yana nan, kuma yakan zo ne da fuskar tausayi: "Wallahi abin da yake maka ba daɗi, me kake shirin yi?" Kada ka gaya masa. Idan akwai ƙungiyar ma'aikata a wurinku, wakilinta ne ya fi cancanta ya ji, don ya san hanyoyin ƙorafi, kuma ba a taɓa shi da sauƙi kamar yadda za a taɓa ka.

Kai kuma da kake kallo ana yi wa wani, ba sai ka tashi ka yi faɗa a taro ba. Ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata, ka same shi daga baya ka ce, "Na ji abin da ya faɗa, ba daidai ba ne, idan ana neman shaida zan bayar." Da mun yi wa matar nan haka maimakon "ki yi haƙuri", da ba ta kwashe wata takwas tana zargin kanta ba.

Mataki na shida: karanta takardunka

Takardar ɗaukarka aiki, kundin dokokin ma'aikata, da tsarin shigar da ƙorafi idan akwai. Yawancinmu mun sa hannu ba mu karanta ba. Ka nemo wa ake kai wa ƙara idan wanda ake ƙarar shi ne shugabanka, cikin kwana nawa ake amsawa, ko kana da damar zuwa da ɗan rakiya, da kuma inda ake ɗaukaka ƙara.

Sannan dokar ƙasa, wadda ta bambanta ƙwarai. Suwidin ta kafa ƙa'ida kan tsangwama a wurin aiki tun 1993. Faransa ta mai da shi laifi a 2002. Koriya ta Kudu ta sa haramcin a dokar ƙwadagonta a Yulin 2019. A Amurka kuwa babu dokar tarayya da ta hana cin zali zalla, sai idan yana da nasaba da launin fata, jinsi, addini, asali, shekaru ko naƙasa. Don haka idan zagin da ake maka yana taɓa addininka, ko ƙabilarka, ko kasancewarki mace ko mai juna biyu, ka rubuta kalmomin daidai yadda aka faɗe su, domin a ƙasashe da dama nan ne doka ta fi kaifi. Ita kuwa yarjejeniya ta 190, an amince da ita a Janiba a Yunin 2019, ta fara aiki a Yunin 2021. Yurugwai ce ta fara rattaba hannu, a Afirka kuma akwai Namibiya, Somaliya, Afirka ta Kudu da Najeriya a cikin waɗanda suka shiga. Ta rufe har da masu koyon aiki, 'yan sa-kai da masu neman aiki, ta kuma haɗa da abin da ya faru a tafiyar aiki ko ta waya da intanet. Zagin ƙarfe goma sha ɗayan dare a wayarka, zagin wurin aiki ne.

Mataki na bakwai: ƙorafi a rubuce

Kafin ka taka zuwa sashen kula da ma'aikata, ka san abu guda: ma'aikata ce ke biyansu, kuma ita suke karewa. Wannan ba ya nufin maƙiyanka ne. Yana nufin za su motsa ne idan suka ga barin shugaban nan a haka ya fi hukunta shi haɗari. Aikin takardarka ke nan, ta nuna musu haɗarin.

Kada ta wuce shafi biyu. Ka fara da sunanka, matsayinka, da cewa ƙorafi kake shigarwa a hukumance. Ka zaɓi abubuwa huɗu ko biyar mafi ƙarfi daga littafinka, ka jera su bisa kwanan wata, da shaidunsu. Ka ambaci sashen dokar ma'aikata da aka karya. Ka faɗi abin da ya jawo wa aikinka da lafiyarka cikin layi biyu. Ka rufe da abin da kake nema ƙarara: a yi bincike, a raba ka da shi, a janye takardar tuhumar da aka ba ka ba bisa ƙa'ida ba. Mai ƙorafin da bai faɗi abin da yake so ba, haƙuri kawai za a ba shi. Ka miƙa kwafi, a buga maka hatimin karɓa a naka, ko ka aika ta imel. Ainihin littafin kuwa kada ya bar hannunka.

Ranar zama ka je da wani idan an yarda. Ka rubuta abin da aka tattauna, ka aika musu taƙaitawarsa bayan an tashi. Idan aka turo maka takarda aka ce sa hannu nan take, ka ce za ka karanta ka dawo da ita. Idan aka ce a sasanta, ku gaisa, a bar maganar, ka tambaya cikin ladabi me za a rubuta a fayil, kuma me zai faru idan ya sake.

Ka shirya wa ramuwa. Bayan ƙorafi ne takardun tuhuma kan fara sauka kamar ruwan sama, a hana ka hutu, a tura ka wani lungu, ko a shafa maka kashin kaji. Kada ka firgita, ka ci gaba da rubutu. Mutumin da ya yi shekara biyar ba tuhuma, sai ga uku cikin wata ɗaya bayan ya kai ƙara, jerin kwanakin kaɗai ya isa magana, kuma dokokin ƙasashe da yawa sun ɗauki ramuwa a matsayin laifi mai zaman kansa.

Idan mai cin zalin shi ne mai kamfanin, babu sama da shi, wannan matakin ba shi da inda zai je. Wuce zuwa na tara.

Mataki na takwas: jikinka

Na sa shi a nan ne don tsari, amma tun ranar farko ya kamata a fara shi. Rashin barci, faɗuwar gaba duk daren Lahadi, ciwon kai, hawan jini, saurin fushi da iyali, firgita idan waya ta yi ƙara, duk saƙo ne. Ka ga likita, ka gaya masa gaskiyar abin da ke faruwa a wurin aiki don ya shiga katinka. Magani ne, kuma shaida ce.

Kada wani ya ce maka raki ne. A kamfanin sadarwa na France Télécom, wanda yanzu ake kira Orange, shugabanni sun ƙudurta rage ma'aikata 22,000, alhali da yawansu ma'aikatan gwamnati ne da ba a iya kora da sauƙi. Sai aka ɗauki hanyar ƙuntata musu da canjin wuri na dole da raba su da ayyukansu har su gaji su tafi. Shugaban kamfanin na lokacin, Didier Lombard, ya ce zai fitar da su ko ta taga ko ta ƙofa. Ma'aikata 35 suka kashe kansu a 2008 da 2009. A Disambar 2019 kotu a Paris ta same shi da wasu manyan jami'ai da laifin tsangwama da aka mayar tsarin kamfani. Idan ka fara jin rayuwar ma ta ishe ka, ka gaya wa wani na kusa da kai a ranar, ka nemi likita, ka ɗauki hutun rashin lafiya. Maganar fayil da ƙorafi ta jira.

Mataki na tara: fita waje da ƙara

Idan cikin gida ya gagara, akwai ofishin ƙwadago na gwamnati, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam, da kotun ma'aikata. Ka ga lauyan da ya san harkar ƙwadago tun kana kan aiki, ba bayan an sallame ka ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayar farko da za ka yi masa ita ce wa'adi, don gajere ne fiye da yadda ake zato. A Amurka, ƙarar nuna bambanci kwana 180 ne a asali, a wasu jihohin 300. A wasu ƙasashen 'yan watanni ne kacal. Kwana ɗaya ya wuce, hujja ta zama takardar banza.

Facebook ba kotu ba ce. Na san daɗin da ke cikin fallasa, amma ka kira suna a can, sai a maka ka da ƙarar ɓata suna, mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Mataki na goma: tafiya

Wani lokaci duk ka yi abin da ya dace, an rufe fayil, oga yana nan daram. Barin irin wannan wuri ba gudu ba ne. Amma kada ka ajiye aiki cikin fushi ranar da ya zage ka, don abin da yake so ke nan, kuma ka saki reshe ka kama ganye. Ka fara neman wani wurin a natse tun daga mataki na biyu, ba da kwamfutar ofis ba. Ka tanadi abin da zai riƙe ka 'yan watanni. Ka nemi wani babba daban da zai ba da shaidar aikinka. Dokokin wasu ƙasashe, irin su Birtaniya da Afirka ta Kudu, suna ɗaukar murabus ɗin da aka tilasta ta hanyar ƙuntatawa a matsayin kora, amma yana da muhimmanci ka faɗi dalilin a takardar murabus kuma kada ka yi dogon jinkiri, don haka lauya ya ga takardar kafin ka miƙa. Idan an ba ka kuɗin sallama da sharaɗin yin shiru, karanta sharaɗin sau biyu. A wurin neman sabon aiki kuma kada ka zauna zagin tsohon oga, jimla ɗaya ta isa: yanayin wurin bai dace da kai ba.

Matar nan mai rahoto, ashe tun wata na uku da fara abin ta buɗe littafi, ba wanda ya sani. Ta kai ƙorafi da jerin ranaku goma sha bakwai da abin ya faru, mutum biyu daga cikinmu suka ba da shaida. Ba a kori manajan ba, an dai ɗauke shi daga kanta, aka ja masa kunne. Bayan wata huɗu ta sami wani aikin. Ranar tafiyarta ta rubuta takardar miƙa aiki shafi uku, ta lissafa kowane fayil da kowane mabuɗi, ta tsaya a bakin teburin mai karɓa har sai da ya sa hannu a kwafi biyu, ta ninke ɗaya ta sa a jaka.